Kariyar Baba Sikeli

Ranar da takardar aikin Autarmu ta fito, Baba ya karanta ta sau biyu a tsaye, ya ninke ta gida huɗu, ya ce babu inda za ta. An tura ta aikin ungozoma ne a wani ƙaramin asibiti can bayan duwatsu, tafiyar awa tara, shida daga ciki babu kwalta. Auta kuwa, wadda tun tana rarrafe ba a taɓa ce mata bari ta bari ba, ta ce sai ta je. Kwana uku suna gaisawa sama-sama kamar maƙwabtan da suka yi faɗa a kan magudanar ruwa. A na huɗu Baba ya sauko, amma saukowa irin tasa.

"Ta je. Ni dai ƙafata ba za ta taka can ba. Wanda ya ga zai iya rakiya ya yi."

Ni ce babba a gidan, likitar dabbobi ce ni, kuma ni ke da tsohuwar jif mai ja da tayoyi huɗu da nake shiga ƙauyuka da ita. Don haka rakiya a wuyana ta faɗo. Ana saura mako biyu tafiya muka gwada loda kaya don mu ga abin da zai shiga. But ɗin bayan motar ya cika, sai da na sa kafaɗa sannan ƙofar ta rufu. Ragowar kayan, wato katifa a nannaɗe da manyan jakunkuna biyu da farantin sola, muka tura su kujerar baya, suka cinye ta kaf sai wurin mutum ɗaya. Ni a sitiyari, Mama a gefena, Auta a baya a matse. Baba yana zaune a baranda yana kallonmu ta saman tabarau.

"Kun gani ko? Ko da ina son zuwa ma, babu wuri."

"Ai ba ka so," in ji Auta.

"Abin da na ce ke nan."

Washegari na fito zan tafi aiki, na tarar da shi a tsaye a kan benci, fensir a bayan kunne, yana auna saman motata da tef.

"Baba, lafiya?"

"Motar nan tana bukatar kariya, Likita."

Mama ta leƙo ta tagar kicin. "Wace kariyar, Malam? Ta ƙarfe da ake ɗora wa kaya, ko ta 'yarka?"

"Ke dai ki ji da tukunyarki."

Na shiga kicin, Mama ta ja ni bayan ƙofa ta faɗa min abin da ni ma na riga na gani. So yake ya je, bakin ne ba zai buɗu ba, tunda da shi ya ce ƙafarsa ba za ta taka ba. In kaya suka hau sama, kujera ta samu, sai ya shiga ya ce wurin ne ya ga bai kamata a bar shi banza ba.

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi a bakin babbar hanya, yana auna manyan motoci a kan sikeli. A can direbobi suka sa masa Baba Sikeli, sunan ya biyo shi gida har jikoki ba su san yana da wani ba. Bai taɓa barin motar da ta wuce kima ta wuce shi ba, ko da direban zai kwanta a ƙasa yana kuka. Sai dai sikeli ba ya zuwa hutu, shi ma bai je ba. Ranar da aka kai ni makarantar kwana yana bakin aiki. Ranar da ƙanena ya tafi nasa karatun ma haka. Na daɗe ina jin haushin wannan, ba zan ɓoye ba. Yanzu ya yi ritaya, ga lokaci har ya yi masa yawa, amma cikin 'ya'yan da za a raka saura mutum ɗaya.

Wurin mai waldan unguwarmu muka fara zuwa, don shi Baba duk abin da ba a ga tartsatsi wajen haɗa shi ba, a ganinsa kayan wasa ne. Muka tarar da wata kariya a jingine da bango, an yi ta da fayif mai kaurin tsintsiyar hannuna. Da tsani a bayanta, da wurin jarka biyu, da ƙugiyar maƙala shebur, da sandar ɗaura fitilu a gaba. Sai da mutum uku suka kama sannan aka kwantar da ita a ƙasa. Baba ya ƙwanƙwasa ta da makulli ya kara kunne. Sannan ya tattare riga, ya hau kanta, ya yi tsalle sau biyu, mutumin da kullum sai an shafa masa magani a gwiwa.

"Wannan ita ce kariya," ya ce.

"Baba, ko saniya ka ɗora mata ba za ta ce uffan ba," in ji mai walda.

Na ce, "Shekara goma sha biyar ina hulɗa da shanu, ban taɓa ɗora ko ɗaya a saman mota ba."

Babu wanda ya kula ni. Baba ya ɗauko littafin motar daga aljihunta na gaba, wanda ni tunda na saye ta ban taɓa buɗewa ba, ya sa yatsa a kan wata lamba. "Kilo ɗari uku rufin ke ɗauka. Ga shi a rubuce. Kayan yarinyar nan gaba ɗaya ma za su hau, ku miƙe ƙafa."

Da na bi tasa, da a ranar an ɗaura min ita. Amma motar tawa ce, ni zan yi ta yawo da wannan uban ƙarfe bayan an gama rakiya. Na kafe sai mun leƙa shagon kayan motocin daji tukuna. Ya biyo ni yana gunaguni.

Shagon dogon ɗaki ne mai warin sabuwar taya, an rataye kariyoyi a bango tun daga ƙofa har ƙurya. Mai shagon mace ce sa'ata, da sifana a aljihun gaban rigarta. Ta nuna mana mai sanda biyu kawai, ta nuna mana mai kama da kwando, sannan ta sauko da wata shimfiɗaɗɗiya ta alminiyom mai ƙafa shida. Baba ya sa yatsa ɗaya ya ɗaga gefenta, ta taso ba gardama. Ya dube ni, ya dubi matar.

"'Yata, wannan kariya ce ko ragar shanya kwanuka?"

Ta yi dariya, ba ta ji haushi ba. Ta tambayi irin hanyar da za mu, ta fita ta bi gefen rufin motar da yatsa, inda ruwan sama ke bi, don nan ƙafafun kariya ke kamawa. Ta ce babu tsatsa, zai riƙe. Sai ta ce a ba ta littafin. Baba ya miƙa mata a buɗe, yatsansa a kan lambarsa.

"Baba, ai lamba biyu ce a nan," ta ce. "Ɗari ukun nan in mota tana tsaye ne, don masu kafa tanti su kwana a sama. In tana tafiya, tamanin ne. Kuma tamanin ɗin har da nauyin ita kanta kariyar."

"Nauyi ai nauyi ne. Kilo ba ya ƙaruwa don an tayar da mota."

"Ba ya ƙaruwa. Amma in taya ta faɗa rami, kayan sama tashi suke yi su dawo su daki rufin. In kuma nauyi ya yi yawa can sama, a kwana ko a gangare sai motar ta nemi kifewa. Irin hanyar da za ku, ko kilo ɗaya kada ku haura."

Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake duba shafin. A nan na gane inda kuskuren ya fito. Duk motar da ta taɓa zuwa gabansa a shekara talatin da ɗaya, sai ta tsaya cak, an kashe ta, sannan ya karanta nauyinta. Bai taɓa auna mota tana gudu ba, don haka idonsa kai tsaye ya tafi kan lambar tsayuwa. Dariya ta taso min har maƙogwaro, sai na ga fuskarsa, na haɗiye ta.

"Mu je gida," ya ce.

Barandarmu ta koma wurin awo. Ya fito da sikelin ƙasa da na ratayewa, ya juya kalanda ya fara rubutu a bayanta. Kayan da suka cinye masa kujera, har da tamfol da igiyoyin ɗauri, kilo sittin da ɗaya. Ya koma wurin mai walda ya rataye masoyiyar tasa ta ƙarfe a sikeli, ta ba shi arba'in da biyar. Wato in aka ɗaura ta, talatin da biyar kawai za ta ɗauka, jaka ɗaya da rabi sai su zauna a inda yake so ya zauna. Ta alminiyom kuwa mai shago ta ce goma sha takwas ce, ta bar wa kaya sittin da biyu. Ko ɗan firamare ya san amsar, amma Baba sai da ya yi lissafin sau uku ko zai canza.

Da ya ƙi canzawa, sai ya koma kan jakar Auta.

"Wai ƙafa nawa gare ki? Takalma bakwai?"

"Baba, shekara biyu zan yi."

"Waɗannan littattafan fa? Ba kin gama karatun ba?"

"Kai ka ce ba za ka je ba, me ya dame ka da jakata?"

"Motar 'yar'uwarki nake tausayi."

Ita ma ta san komai, amma jininsa ce, ba za ta sauƙaƙa masa ba. Kwana biyu yana zagaya kalandar nan yana tsaki. A na uku, ina shan shayi, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Likita, in ta wajen shagon nan za ki bi, ki sauke ni. Akwai abin da zan duba."

Ba ta wajen zan bi ba, amma na bi. Ya shiga da sikelinsa a hammata.

"'Yata, ragar kwanukan nan tana nan?"

"Tana nan, Baba. Na ma goge maka ita."

Ya rataye ta ya auna da kansa, goma sha takwas cif. Ya tsaya a kan matar har ta ɗaure ƙafafun shida, yana bin kowane noti da yatsa. Ta ce in mun yi awa ɗaya a gargada mu tsaya mu sake matse su, ya rubuta a tafin hannu. Kafin mu fito har yana yi wa wani mai saye bayanin bambancin nauyin tsaye da na tafiya, kamar shi ya gano shi. A hanyar gida ya sa na yi dogon zagaye don kada mu wuce ta gaban mai walda.

Ranar tafiya tun da safe aka ɗora kaya. Shi ya hau benci yana ba da umarni, mai nauyi a tsakiya, katifa a gaba, farantin sola a kwance a lulluɓe. Aka ja tamfol aka ɗaure. Kujerar baya ta fito fili. Baba ya dube ta ya yi gyaran murya.

"To, tunda wuri ya samu, ba kyau a bar shi banza."

"Gaskiya ba kyau," in ji Mama, tana kallon sama.

Ya shiga ɗaki ya fito sanye da tsohuwar kwat ɗinsa ta aiki mai aljihu shida, rungume da wani koren akwatin ƙarfe da ba wanda ya san da shi. Ashe a ƙarƙashin gadonsa yake tun ranar da suka yi faɗa da Auta. Bai sa shi a lissafi ba, don a wurinsa ba ya cikin kayan Auta, nasa ne. Ya hau benci, ya ɗaga shi zai ɗora, sai ya tsaya. Na ga hannunsa yana jijjiga akwatin a hankali, irin yadda yake yi wa kankana a kasuwa. Ya sauko, ya tafi baranda, ya aza shi a kan sikeli.

Kilo goma sha biyar. A sama kuwa wurin kilo ɗaya ya rage.

But babu wurin allura. Kujerar baya ta mutum biyu ce kacal, ƙasanta kuma batirin sola ne da jarkar ruwa. Ya shiga ya gwada ɗora shi a cinya, akwatin ya tokare kujerar gaba, ƙofa ta ƙi rufuwa. Nan raina ya ɓaci.

"Baba, don Allah ɗora shi sama mu tafi! Kilo goma sha huɗu ne fa kawai ya haura. Wa zai sani? Motata ce, na yarda."

"Ni zan sani."

"Mako biyu kana wahalar da mu a kan kujerar nan!"

"Matar nan ta ce ko kilo ɗaya. 'Ya'yana biyu da uwarsu ne a ciki." Ya fito daga motar, ya aza akwatin a kan kujerar, ya jawo bel ya ɗaure shi. Sai da ya gwada sau biyu sannan bel ɗin ya shiga. "Ku tafi, rana tana yi. Wannan ya fi ni amfani a can."

Ban taɓa jin tausayin mahaifina kamar lokacin ba, kuma ban taɓa jin ya ba ni haushi kamar lokacin ba. Mama ta juya tana gyara ɗankwalin da babu abin da ya same shi.

Auta ce ta kwance bel ɗin. Ta jawo akwatin ta dire a ƙasa ta buɗe. Kwaɗuna ne manya guda huɗu, da sakata uku, da sarƙar ƙofa, da guduma, da sukudireba, da ƙusoshi a ɗaure cikin tsumma, da ragar taga a nannaɗe. Ta daɗe a tsugune tana kallonsu. Da ta ɗago, idonta ya yi ja, amma muryar tata ce ta kullum.

"To Baba, wa zai kafa min su? Ni haihuwa na iya karɓa, ban iya sa sakata ba."

"Ba a rasa kafinta a can."

"Kafintan da ban sani ba zan ba ƙofar ɗakina?"

Ya dubi akwatin, ya dubi kujerar. Ita kuwa ta juye kayan a kan siminti, ta ɗauki akwatin ba komai a ciki ta kai kan sikeli. "Takwas," ta ce. "Ba kai ne kake koya wa mutane a shago cewa nauyin abin ɗaukar kayan ma a lissafi yake ba? Akwatin ya zauna ya yi gadin gida. Saura bakwai."

"Bakwai ma ya haura."

"A sama ya haura," in ji Mama. Ta sunkuya ta ɗauki kwaɗo, ta jefa a aljihun kwat ɗinsa na dama. Ta ɗauki wani ta jefa a na hagu. "Littafin ya ce a auna aljihun fasinja?"

"Wannan ai dabarar direbobi ce! Su sauke buhu kafin sikeli, a zagaya da shi a ka, su sake ɗorawa a gaba. Nawa na kama?"

"To yau sai ka san abin da suke ji. Ɗaga hannu."

Ya ɗaga. Muka taru mu uku muka loda shi, sakata a aljihun ciki, sarƙa a na ƙirji, ƙusoshi a na wando. Kwat ɗin ta rinjayi kafaɗunsa. Ya shiga ya zauna kusa da Auta, guduma a cinya, ragar taga a tsaye tsakanin gwiwoyinsa, yana kallon gaba kamar an tilasta masa.

Muna sauka daga kwalta ya fara kiɗa. Duk ramin da na faɗa sai mu ji kacau daga baya. Auta ta ce ko ta yi barci za ta san inda hanya ta lalace. Awa ɗaya cif ya sa na tsaya, ya fito yana kacau-kacau, ya bi notin nan shida da sifana. Mun bi ta cikin rafi, mun hau wani gangare da motar ta karkata har Mama ta kama hannuna, amma kayan sama ko gezau. Baba ya ce shi dama tun ganin farko ya san alminiyom ɗin nan mai kyau ce.

Ɗakin da aka ba Auta yana bayan asibitin, ɗaki ɗaya da taga biyu, ƙofar kuwa da waya aka ɗaure ta. Baba bai ko sha ruwa ba. Ya fara zazzage aljihu ɗaya bayan ɗaya, ya yi ta bugu har duhu ya fara shiga. Ya sa sakata sama da ƙasa da tsakiya, ya sa sarƙa, ya rufe tagogi da raga. Ya sa Auta ta shiga ta kulle, shi ya tsaya a waje yana dukan ƙofar da kafaɗa, har ma'aikatan asibitin suka fito kallo.

Da safe da za mu juyo, bai yi dogon bayani ba. Ya ce, "In kin sa ta sama, ki sa ta ƙasa. Kada ki yi ƙyuya." Ta ce, "To, Baba." Ya shiga mota tun kafin Mama ta gama kukanta.

Sama babu kaya, but babu kaya, kujerar baya duk tasa ce, amma a gefen da ya zauna jiya ya takure. Na faɗa ramin farko, kunnena yana jiran kacau, ban ji komai ba. Na faɗa na biyu, shiru. Sai a lokacin abin ya kama ni, na ji hanya tana dishi-dishi a idona.

"Likita, rage gudu," ya ce, alhali ko mai keke zai wuce ni.

Na duba madubi. Yana laluben aljihunan nan shida ɗaya bayan ɗaya, ya san babu komai amma yana lalube. A na ciki hannunsa ya tsaya. Ya fito da ɗan makulli guda, na babban kwaɗon da ya sa a ƙofarta, cikin ukun da suka zo da shi.

Na share ido na ce, "Baba, wannan kilo nawa ne? Kada ya haura mana."

"Ke dai dubi hanya," ya ce.

Ya dunƙule shi a hannu. Awa tara muka yi, bai mayar da shi aljihu ba har muka iso gida.